Ranar da aka sallami Python 2: me ya karye, kuma a ina

Laccar da aka gabatar wa ɗaliban kwamfuta da masu rubuta manhaja a Jos, kamar yadda aka kwafo ta daga rikoda

Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla. Wanda ke bakin taga ya taimaka ya rufe ta, sanyin nan na Jos ba ya ragawa baƙo.

Abu huɗu zan taɓo: tarihin abin, abin da ya karye, yadda ake janye tallafi ba tare da an jefa mutane a rami ba, sai kuma sigogin yanzu. Tarihin Python, wato harshen rubuta manhaja da muke magana a kai, gajere ne. Python 3.0 ya fito a Disambar 2008, kuma da gangan aka yi shi bai jitu da na 2 ba. Python 2.7 ya fito a Yulin 2010. Da farko an ce a 2015 za a daina kula da shi, sai Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya sanar a 2014 cewa an ƙara shekara biyar, don mutane ba su shirya ba. Wa'adin ya cika ranar 1 ga Janairun 2020, siga ta ƙarshe, 2.7.18, ta fito a Afrilun shekarar. Manyan laburare, wato shiryayyun kunshin manhaja da ake ɗora aiki a kansu, su ma sun bi sahu: Django 1.11 ne na ƙarshe da ke aiki da Python 2, NumPy kuma 1.16, pandas 0.24. Ku lura, janye tallafi ba ya nufin manhajarka za ta mutu washegari. Tana nan tana aiki. Sai dai in aka gano ɓaraka ta tsaro, ba mai zuwa ya toshe maka.

Na biyu, abin da ya karye. Kowa zai ce maka print, umarnin nuna rubutu a allo. Manta da print, wannan na'ura ma tana gyara shi. Rabawa ta fi shi haɗari, don ba ta ihu. Naira 2,500 tsakanin mutum 3, Python 2 zai ba ka 833, Python 3 zai ba ka 833.33 da 'yan kai. Manhajar adashi ko ta albashi ba za ta tsaya ba, lissafin ne kawai zai sauya a ɓoye. In kana son tsohon hali, sa sanda biyu, wato //. Haka round, mai mayar da lamba cikakkiya: 2.5 a da yana komawa 3, yanzu yana komawa 2, don yana zaɓen lambar da ta rabu biyu daidai.

Amma wanda ya shafe mu, mu Hausawa, shi ne rubutu. A nan zan ɗan zauna.

Ku rubuta kalmar ƙasa. Harafi nawa? Huɗu. Tambayi Python 2 tsawonta, zai ce maka 5. Ba ƙarya ya yi ba, shi bayit yake ƙirgawa, wato ma'aunin da kwamfuta ke adana bayanai da shi, kuma ƙ a tsarin adana rubutu na UTF-8 bayit biyu ce, C6 da 99. Haka ɗ, haka ɓ, haka ƴ. Alamar naira ma bayit uku ce. To ka ce ya mayar da kalmar manyan baƙaƙe, zai ba ka ƙASA, ƙ ɗin tana zaune ƙarama abinta, don bai san harafi ba ce. Ka ce ya yanko maka harafin farko na sunan Ɗanladi don katin shaida, zai yanko rabin harafi. Rabin harafi fa, jama'a! [dariya]

Kuma ga inda mugunta take. Python 2 yana barin ka haɗa bayit da rubutu, shi sai ya fassara maka a asirce da ASCII, tsohon tsarin rubutu mai alamomi 128 kacal, babu mai ƙugiya ko ɗaya. Saboda haka ka gwada manhajarka da Musa, lafiya. Da Aisha, lafiya. Ka miƙa wa makaranta, ranar da aka shigar da Ɗanladi sai ta kife da UnicodeDecodeError, tana cewa ba ta san bayit 0xc6 ba. Musa lafiya, Ɗanladi ya kayar da saba, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta. Shi ya sa da yawa suka haƙura suka koma rubuta Danladi, kasa, baki. To baki kake nufi ko baƙi? Kowa ya cinka.

Python 3 ya raba gari: bayit daban, rubutu daban. Ka haɗa su, nan take zai ƙi da TypeError, ko da sunan Musa ne. Wannan ƙin alheri ne, gara a kama ɓarawo tun a zaure. Amma kada wani ya fita daga nan ya ce shi kenan an gama. Akwai tarko biyu. Na farko, in ka tura bayit cikin str, mai mayar da abu rubutu, don ka rufe bakin kuskuren, ba zai yi gardama ba, zai ba ka b'Musa', da b ɗin da alamomin duka, kuma haka zai shiga rumbun bayanai. In kun taɓa ganin takardar sakamako da ƙaramin b gaban kowane suna, to ga asalinsa. Na biyu, open, umarnin buɗe fayil, a Windows. In ba ka faɗa masa encoding="utf-8" ba, zai ɗauki tsarin kwamfutar, galibi cp1252 a injunanmu, sai ƙasa ta fito Æ™asa. Wancan C6 ya zama Æ, 99 ya zama alamar kasuwanci. Dokar dai ɗaya ce: fassara bayit zuwa rubutu a ƙofar shiga, yi aikinka da rubutu, mayar da shi bayit a ƙofar fita. Kuma a cikin gwaje-gwajenku dole a sami suna mai ƙugiya. Dole. Ɗanladi, Ɓaidu, ƴaƴa, ku zuba su.

Ina muke? Na uku ko na huɗu? An ɗaga mini takarda wai minti goma. To bari in yi sauri.

In kai ne mai kula da laburare, sanar tun da wuri, ka faɗi sigar ƙarshe da za ta ɗauki tsohon harshen da kuma har yaushe za ka riƙa gyara ta a reshenta. Sannan, kafin ka goge layi ko ɗaya, sa python_requires a setup.py, ko requires-python a pyproject.toml. Shi ne ke gaya wa pip, manhajar da ke sauko da laburare, daga sigarta ta 9 zuwa sama, cewa wannan fitowar ba ta mai tsohon Python ba ce, ya koma ya ɗauko ta baya. Masu manhajar IPython sun bi wannan hanyar da suka fitar da 6.0 a 2017. In ka manta ka saki siga ba shi, sake fitar da wata mai shi ba zai cece ka ba, don pip zai tsallake sabuwar ya faɗa kan waccan da ta lalace. Sai dai ka janye ta a PyPI, rumbun da pip ke ɗauko laburare, abin da suke kira yank. Cire universal = 1 daga setup.cfg, in ba haka ba kunshinka zai ci gaba da ɗaukar tambarin py2.py3, mai nuna yana aiki da duka biyun. Bayan nan ne za ka cire six da layukan __future__, waɗanda ke sa manhaja ta yi aiki da 2 da 3, manhajar pyupgrade za ta yi maka mafi yawa. Kada ka dogara da 2to3, mai juya manhajar 2 zuwa 3, an cire shi a Python 3.13. Kuma abin bai ƙare da na 2 ba: yanzu kowace Oktoba sabuwar siga ke fitowa, kowace tana da shekara biyar, 3.8 ta sauka a Oktobar 2024.

Na'am, 'yar'uwa a layi na uku?

[Tambaya: Malam, a wurin aikinmu manhajar rajista tana kan Python 2.7, wanda ya rubuta ta ya tafi, kuma ba kuɗin sake ta. Ya za mu yi?]

To, kada ki taɓa injin da ke aiki tukuna. Gobe da safe ki yi pip freeze ki adana jerin, ki sauke kowane kunshi da pip download ki ajiye a faifai biyu, don pip 20.3.4 ne na ƙarshe da ke tafiya da Python 2, kuma Debian 12, wani nau'in Linux, ba ya zuwa da Python 2 sam. Ki kwafi rumbun bayanan. Ki raba injin da intanet in zai yiwu, ya tsaya a cikin ofis kawai. Sannan a wata kwamfutar daban ki shigar da rajista kamar hamsin ta gaske a tsohuwar da sabuwar, ki kwatanta abin da suka fitar layi-layi, musamman kuɗi da sunaye. In Django ce, ki kai ta 1.11 tukuna tana kan Python 2, don 1.11 na aiki da duka biyun, sannan ki sauya harshen, sannan ki hau Django 2.0. Kada ki haɗa tsalle biyu a rana ɗaya. Wace siga ce a kanta yanzu? Ba ki duba ba? To ki same ni a bakin ƙofa bayan la'asar, in nuna miki inda ake gani.