Pogba shekara huɗu, ɗan wasan NFL wasa shida: wa ya yanke wannan hukuncin?

[Hoto: Paul Pogba da rigar Juventus, sai Julian Edelman riƙe da kofi]

Jama'a, ku dubi mutanen nan biyu. Na farko kun san shi. An gwada fitsarin Pogba a watan Agustan 2023 bayan wasan Juventus da Udinese, aka sami sinadarin da ke ɗaga testosterone a jikinsa, aka yanke masa shekara huɗu. Da ya ɗaukaka ƙara a kotun wasanni ta duniya, aka rage zuwa wata 18. Na biyun shi ne Julian Edelman na New England Patriots, a gasar NFL, wato ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ake yi da hular kwano ana karo kamar raguna. An kama shi da laifin ƙwayar ƙara kuzari a 2018, ya zauna wasa huɗu, ya dawo. A watan Fabrairun 2019 suka doke Los Angeles Rams da ci 13 da 3 a wasan ƙarshe na Super Bowl, kuma shi aka ba gwarzon wasan.

Tambayar da ke yawo ita ce: ashe WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, tana da 'yan lele? A'a. Matsalar daga tambayar take, kuma nan za mu daɗe. Amma bari mu fara wuce tarihi da gudu.

[Hoto: tsofaffin faifan wasa marasa launi]

A 1963 ƙungiyar ƙwallon Amurka ta San Diego Chargers na raba wa 'yan wasanta ƙwayar sitiroyid mai suna Dianabol a sansanin horo, kuma a kakar shekarar suka ci kofin gasarsu. Ba doka a lokacin, don haka ba laifi. Sitiroyid ɗin da muke magana a kai shi ne mai gina tsoka, ɗan'uwan testosterone. Ba shi ne dexamethasone da wasu ke sha don su yi ƙiba ba, wannan ajinsa daban. NFL ta fara gwaji a 1987, ta fara dakatarwa a 1989. A 1991 Lyle Alzado, wanda abokan karawa ke shakkar haɗuwa da shi a fili, ya fito ya ce tun 1969 yake amfani da sitiroyid. Ya mutu a 1992 da sankarar ƙwaƙwalwa yana da shekara 43. Shi dai ya ɗora laifin a kan ƙwayar, likitoci ba su tabbatar da alaƙar ba. Abin da suka tabbatar game da ƙwayar ma ya isa: tana kaurara tsokar zuciya, tana lalata hanta, tana hana haihuwa.

To, ga inda ake ɓata.

WADA ba 'yar sandan duniya ba ce. Tana da kundin dokoki, kuma kundin yana hawa kan wanda ya sa hannu ne kawai. FIFA ta sa, kwamitin Olamfik ya sa, hukumar tsere ta duniya ta sa. Shi ya sa Pogba bai da bakin magana kan tsawon hukunci: tun 2015 kundin ya ce shekara huɗu ga wanda aka samu da sitiroyid, sai in ya gamsar da alƙalai cewa ba da gangan ba ne. NFL ba ta sa hannu ba, kuma babu wanda zai tilasta mata, tunda kasuwanci ne na masu kulob 32.

Wa ke rubuta dokar tasu? Ɓangare biyu: masu kulob a gefe guda, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, NFLPA, a ɗaya gefen. Suna zama teburi ɗaya su yi yarjejeniya ta shekaru, kuma a zaman ake yanke albashi, yawan wasanni, kwanakin atisaye, da hukuncin ƙwaya, duka a kwando guda. Ciniki ne irin na kasuwar Kwari: wannan ya taya, wancan ya ce albarka, a ƙara kaza a rage kaza, sai a sallama. Ku kalli yarjejeniyar 2020. Masu kulob suka sami ƙarin wasa, daga 16 zuwa 17 a kaka. 'Yan wasa suka sami ƙarin kaso a kuɗin shiga, aka kuma daina dakatar da su don an ga wiwi a fitsari. Hukuncin sitiroyid na farko ya tashi daga wasa huɗu zuwa shida, na biyu ya koma wasa 17. Wanda aka kama ya haɗa da maganin ɓoye ƙwayar, wasa takwas. Ba albashi a tsawon dakatarwar.

Yanzu ku tambayi kanku, a cikin waɗanda ke zaune a teburin, wa ke son a kori tauraro shekara huɗu? Mai kulob ya zuba miliyoyin daloli a kansa. Ƙungiyar ƙwadago aikinta ke nan ta kare shi. Gidajen talabijin da suka sayi haƙƙin nuna wasa suna son ganinsa ranar Lahadi. Kuma yawancin 'yan wasan NFL ba sa wuce shekara uku zuwa huɗu a gasar, don haka hukunci irin na WADA sallama ce daga sana'a gaba ɗaya. Tuwona maina ke nan.

Abubuwa uku suka fito daga wannan ciniki da ba kowa ke lura da su ba, kuma na farko ya fi ba ni dariya. NFL ba ta bayyana abin da aka samu a jikin ɗan wasa. Sanarwar ta ce ya saɓa wa ƙa'ida, shi ke nan. Shi kuma yana da 'yancin faɗin abin da ya ga dama. A kakar 2012 sai ga 'yan wasa bi da bi suna cewa Adderall ne, maganin da likita ke rubuta wa mai matsalar tattara hankali. Wataƙila wasu gaskiya suka faɗa. Amma a lokacin wanda ya yi allurar testosterone ma zai iya faɗin haka, kuma ba mai ƙaryata shi.

[Hoto: ɗakin gwaji, kwalaben fitsari masu lamba]

Na biyu, gwajin HGH, sinadarin girma. Shi ba ya fita sosai a fitsari, sai an ɗebi jini. An amince da gwajin a yarjejeniyar 2011, amma gardama kan yadda za a yi ta hana a ɗebi jinin kowa har Oktoban 2014. Kaka uku cur kowa ya san ba a dubawa. Ku kwatanta da 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare, wadda aka cire daga tseren mita 100 a Olamfik na Tokyo a 2021 saboda HGH, ta ƙare da haramcin shekara 11 bayan an haɗa da wasu laifuffukan.

Kar a ce ba a gwaji, ana yi, da yawa ma. Kowane ɗan wasa ana gwada shi aƙalla sau ɗaya a shekara. A lokacin gasa kwamfuta na zaɓar mutum goma a kowane kulob duk mako, a lokacin hutu kuma ana iya zuwa wa mutum har sau shida. Ana raba fitsarin kwalba biyu, A da B. In A ta nuna, a buɗe B don tabbatarwa. Tsofaffin allurai irin su nandrolone suna barin alama wata da watanni, su ne ke saurin tona asiri. Testosterone ya fi wuya, domin jiki ma yana yin nasa. Don haka ake auna shi da ɗan'uwansa epitestosterone: a yawancin mutane kusan ɗaya da ɗaya suke, in ya haura huɗu da ɗaya sai a zurfafa bincike. Akwai gwajin da ke bambance na jiki da na kanti, saboda na kanti daga tsirrai ake haɗa shi, waken suya ko wani nau'in doya, kuma carbon ɗinsa na ɗauke da tambarin tsiro. Sai dai ya fi tsada, ba kowace kwalba ake yi wa ba. HGH kuwa, alamarsa da ƙyar take wuce kwana ɗaya ko biyu a jini. Shi ya sa “bai taɓa faɗuwa gwaji ba” ba hujja ba ce mai ƙarfi. A 2005 aka gano wani likita, James Shortt, yana rubuta wa 'yan wasan Carolina Panthers sitiroyid dab da zuwansu Super Bowl na 2004. Gwaji bai kama su ba, takardun magani suka tona, likitan ya tafi gidan yari.

Na uku shi ne na Edelman: da ka gama zaman hukuncinka, an yafe, har wasan kofi za ka buga. A gasar besbol ta Amurka, laifin farko wasa 80 ne cikin 162, kusan rabin kaka, kuma tun 2014 ba za ka buga wasannin kofi na shekarar ba. A NFL shida cikin 17, kashi ɗaya bisa uku da ɗoriya.

[Hoto: zauren majalisar dokokin Amurka, 2005]

Fuska biyun ba a doka kaɗai ta tsaya ba. A Maris 2005 majalisar dokokin Amurka ta titsiye taurarin besbol a gaban kyamara. Wata guda bayan haka shugabannin NFL suka je, aka fi yaba musu. Barry Bonds, mai tarihin bugun da ya fi na kowa a besbol, 762, 'yan jarida sun shekara goma suna hana shi shiga zauren girmamawa saboda zargin sitiroyid. A NFL kuwa, Shawne Merriman ya zauna wasa huɗu a 2006, ya dawo ya fi kowa kayar da mai jefa ƙwallo, sau 17, aka zaɓe shi cikin taurarin shekara. Sai daga baya aka yi dokar hana hakan. Brian Cushing ya ci kyautar sabon mai tsaron baya na 2009, aka gano ya faɗi gwaji, aka sake kaɗa ƙuri'a, 'yan jarida suka sake ba shi. Ikon Allah.

Ra'ayina a nan: masoya besbol suna bauta wa alƙaluma, duk wanda ya karya tarihi da ƙwaya ya taɓa musu abu mai tsarki. Mai kallon NFL kuwa ya zo ganin ƙato mai kilo 140 yana gudu ne, kuma ba ya son a tambaye shi yadda aka yi.

Ko a cikin NFL ɗin, ku jera hukunce-hukuncen. Josh Gordon, wasa goma a 2014 kan wiwi, lokacin da sitiroyid ke wasa huɗu. Tom Brady, wasa huɗu a 2016 kan zargin rage wa ƙwallo iska. A 2022 DeAndre Hopkins ya zauna wasa shida kan ostarine, mai gina tsoka, Calvin Ridley kuma kaka guda cur saboda ya yi caca a kan wasannin gasar. Caca na iya sa mai kallo ya daina yarda da sakamako, wannan barazana ce ga kasuwa. Sannan ga allurar kashe zafi ta Toradol, wadda likitocin kulob suka daɗe suna yi wa 'yan wasa kafin wasa don su buga da rauni. Ita halal ce a dokarsu, duk da cewa a 2014 ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai NFL kotu kan yadda aka riƙa ɗura musu magungunan kashe zafi.

[Hoto: tambarin Olamfik na Los Angeles]

Akwai inda dokokin biyu za su haɗu. An sa nau'in wasan da ba a karo, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugun abokin karawa, a Olamfik na Los Angeles na 2028, kuma a Mayun 2025 masu kulob suka amince 'yan wasansu su shiga. Duk wanda ya sa rigar ƙasarsa a can, kundin WADA ne zai hau kansa, da gwajinsa na ba-zata da hukuncinsa na shekara huɗu.