Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin majami'un Methodist da yadda ake riƙon su

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu biyu muka zaɓo yau, kuma duk hanya ɗaya suka bi.

Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Kumasi. Ya ce kullum yana wucewa ta gaban wata babbar majami'a mai suna Wesley, shi ne yake son sanin wane ne mai sunan, kuma ina ne ginin ɗarikarsa mafi tsufa a duniya.

To Malam, John Wesley limamin cocin Ingila ne, an haife shi a 1703, ya rasu a 1791. Shi da ƙanensa Charles suka kafa ɗarikar Methodist. A 1739 ya fara wa'azi a fili ga ma'aikatan haƙar kwal da ke kewayen birnin Bristol, mutanen da ba su saba shiga coci ba. Da jama'a suka yi yawa, a cikin shekarar ya gina musu wurin taro da ake kira New Room, wato sabon ɗaki. Shi ne ginin Methodist mafi tsufa a duniya, kuma yana nan tsaye. An faɗaɗa shi a 1748. Ba ibada kaɗai ake yi a ciki ba, ana koyar da 'ya'yan talakawa, ana ba marasa lafiya magani. A sama akwai ɗakunan kwanan masu wa'azi, a tsakar gida kuma ga bargar dawakinsu. Mumbarinsa hawa biyu ne, haske kuma ta rufin yake saukowa.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne yadda ya tsira. A 1808 an sayar da shi ga wata jama'ar Methodist 'yan Wales, suka riƙe shi fiye da shekara 120 suna ibada a ciki. A 1929 aka sake sayo shi, aka gyara. Da a ce an kulle shi duk tsawon shekarun nan, da wuya mu ji labarinsa yau, domin ɗakin da ba a kwana a cikinsa shi ne ruwa ke fara ci.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙa ta biyu, daga wata baiwar Allah a Jos. Ta ce tana baƙin cikin ganin ana rushe tsofaffin majami'u ana gina sababbi masu girma. Tana tambaya, su Turawa yaya suke yi nasu ke daɗewa, kuma wa ke biya?

Malama, su ma nasu ba a sauƙaƙe yake daɗewa ba. Ɗauki majami'ar Wesley da ke titin City Road a Landan, wadda aka buɗe ranar 1 ga Nuwamba 1778, inda kabarin John Wesley yake a bayanta. A 1972 an gano ginin ya raunana har zama a cikinsa haɗari ne, aka rufe shi. Mabiya ɗarikar daga ƙasashe daban-daban suka yi karo-karo, aka yi aikin gyara, aka sake buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba 1978, shekara 200 cif da buɗewar farko, Sarauniya Elizabeth ta biyu tana wurin. Kin ga ke nan, aljihun mabiya ne ya fara ɗaukar nauyin.

Sai doka. A Ingila gwamnati na da rajistar gine-ginen tarihi mai aji uku, kuma duka ginin Bristol da na Landan suna ajin farko. Ginin da ya shiga rajistar ba a rushe shi sai da izini, ko gyara za a yi sai masana sun duba. Akwai kuma asusun da ke samun kuɗi daga cacar ƙasa, wanda ya tallafa wajen gina sashen baƙi a ginin Bristol, aka buɗe a 2017. Duk da haka ƙananan majami'un ƙauyuka da yawa sun rufe saboda ƙarancin masu ibada, an mayar da su gidajen zama.

Aikin da ya fi muhimmanci kuwa ƙarami ne: duba rufi, share indararo, toshe yoyo tun kafin ya yi girma. Tsofaffin bangayen nan da kwaɓin farar ƙasa aka ɗora su, shi ya sa masu gyara ke gudun siminti, don yana tsare danshi a cikin bango ya ruɓar da shi. Maginanmu sun san wannan sarai. A shafe bangon ƙasa da siminti, damina kaɗan sai a ga yana ɓamɓarowa da jikin bangon.

Ina tare da ke a baƙin cikinki, Malama, domin mu ma a yammacin Afirka muna da abin riƙewa. A Cape Coast ta ƙasar Ghana, mai wa'azin Methodist na farko da ya je can, Joseph Dunwell, ya sauka a farkon 1835, bai cika shekara ba ya rasu, kuma kabarinsa na ƙarƙashin mumbarin majami'ar Wesley ta garin. Wani mai wa'azin Methodist, Thomas Birch Freeman, ya iso a 1838, ya je Kumasi a 1839, Malam ga asalin majami'ar da kake gani. Ranar 24 ga Satumba 1842 ya sauka Badagry a Najeriya, ya yi wa'azi a gindin bishiyar Agia. Idan wuri ya yi wa jama'a kaɗan, a gina sabo a gefe, a bar tsohon ya zama ajin yara ko ɗakin karatu. A Najeriya, hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979 ita ke gabatar wa shugaban ƙasa buƙatar ayyana gini a matsayin abin tarihin ƙasa, kuma shugabannin coci na iya kai mata buƙatarsu. Ita kuwa bishiyar Agia ta faɗi a 1959, yanzu wani ginshiƙin tunawa ne ke nuna inda take.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.