Ina kuɗin tallafin Falasɗinawa ke bi, kuma a ina suke maƙalewa?

A watan Oktoban 2014, ƙasashe da ƙungiyoyi sun taru a Alƙahira bayan yaƙin kwana 50 da aka yi a Gaza. Suka tashi da alƙawarin dala biliyan 5.4, daga ciki biliyan 3.5 na sake gina Gaza ne. Shekara biyu da ɗoriya bayan haka, Bankin Duniya ya bi sawun kuɗin, ya tarar kusan rabi kawai suka fito daga aljihun masu alƙawarin. Wannan rabin ma sai da ya sha fama kafin ya zama bulo da rufin ɗaki. A wannan bidiyon za mu bi hanyar da kuɗin ke bi, mu tsaya a wuraren da suke maƙalewa.

Tsarin da ake amfani da shi a yau ya samo asali ne daga yarjejeniyar Oslo ta 1993 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa. A wannan shekarar aka kafa kwamitin da ke haɗa kan masu bayar da tallafi, wanda ake kira AHLC, ƙasar Nowe ke shugabantarsa, Amurka da Tarayyar Turai na mara mata baya, Bankin Duniya kuma na riƙe da takardu. Lissafin da aka yi a lokacin shi ne, za a tallafa na shekara biyar, a kafa ma'aikatu da tituna da asibitoci, kafin nan an kammala sulhu, Falasɗinawa sun samu ƙasarsu. Shekara biyar ɗin ta cika a 1999. Har gobe kwamitin na zama.

Manyan hanyoyin kuɗin uku ne. Wadda ta fi daɗewa ita ce UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da Falasɗinawa 'yan gudun hijira. An kafa ta a Disambar 1949, ta fara aiki a Mayun 1950. Mutanen da ke rajistarta sun kai kusan miliyan 5.9, a Gaza da Gaɓar Yammacin Kogin Jodan da Jodan da Labanon da Siriya, akwai kuma sansanoni 58 da aka amince da su. Da yawa na ɗaukar UNRWA a matsayin mai rabon buhun fulawa kawai. Aikinta ya fi kama da na ma'aikatar ilimi da ta lafiya a haɗe. Kafin yaƙin 2023 tana da makarantu kimanin 700, ɗalibai fiye da rabin miliyan, asibitocin sha-ka-tafi kusan 140, da ma'aikata wajen dubu 30, mafi yawansu su ma 'yan gudun hijirar ne.

Raunin wannan hanya a nan yake: albashin malami wajibi ne kowane ƙarshen wata, amma kuɗin da ake biyansa da su na ganin-dama ne. Kusan duk kasafin hukumar daga gudummawar da ƙasashe suka ga damar bayarwa yake fitowa. A 2017 Amurka ta ba da kimanin dala miliyan 360. A 2018 ta ba da miliyan 60, sannan ta rufe aljihu gaba ɗaya, sai a 2021 ta dawo. A Janairun 2024, bayan Isra'ila ta zargi wasu ma'aikatan hukumar 12 da hannu a harin da Hamas ta kai mata ranar 7 ga Oktoban 2023, ƙasashe 16 suka dakatar da kuɗinsu. Yawancinsu sun dawo cikin 'yan watanni, Amurka ba ta dawo ba. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai ga sallamar ma'aikata tara. A Oktoban 2024 kuma majalisar dokokin Isra'ila ta yi dokokin da suka hana hukumar aiki a ƙasar da Isra'ila ke ɗauka tata, suka kuma hana jami'an gwamnati hulɗa da ita. Wannan na biyun ne ya fi ciwo, domin bizar ma'aikaci da izinin shigar mota duk ta hannun waɗannan jami'an suke fitowa.

Hanya ta biyu ita ce a zuba kuɗi kai tsaye cikin kasafin Hukumar Falasɗinawa da ke Ramallah. Wadda ta fi tsari a nan ita ce ta Tarayyar Turai, mai suna PEGASE, da aka fara a 2008. Ga yadda take aiki. Ma'aikatar kuɗi ta Falasɗinu za ta miƙa sunayen ma'aikata da 'yan fansho. Masu binciken kuɗi masu zaman kansu su tantance, su cire jami'an tsaro, su gwada sunayen da jerin waɗanda aka ƙaƙaba wa takunkumi. Sai a tura kuɗin cikin wani asusu na musamman, daga nan su wuce asusun bankin kowane mutum, bayan an biya kuma a sake bincike. Ta wannan hanyar ake biyan wani ɓangare na albashi, da tallafin iyalai matalauta sama da dubu 100, da bashin asibitocin Gabashin Ƙudus guda shida, inda ake tura marasa lafiyan da asibitocin gwamnati ba za su iya da su ba.

Idan wannan hanya ta toshe, nan da nan ake gani a jikin mutane. Kuɗin Turai na 2021 sun maƙale saboda taƙaddama kan abin da ke cikin littattafan makarantun Falasɗinu, ba a sake su ba sai Yunin 2022. A tsakanin nan, asibitin Augusta Victoria, wanda shi ne madogarar masu ciwon daji da ke buƙatar a gasa ciwon da na'ura, ya rasa kuɗin magani har ya rage karɓar sababbin marasa lafiya. Rigimar littafi ce, mai ciwon daji ya ji a jikinsa.

Kuma wannan tallafin kasafi ya daɗe yana ƙafewa. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna a 2008 ya kai kashi 27 cikin ɗari na abin da tattalin arzikin Falasɗinu ke samarwa a shekara. A 2021 bai kai kashi 2 ba.

Hanya ta uku ita ce ta ayyuka: ruwa, lantarki, tituna, noma, ƙananan sana'o'i. A nan za ka ga Bankin Duniya, hukumomin raya ƙasa na Jamus da Faransa da Japan, da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, wanda ke kula da Asusun Al-Aƙsa tun shekarar 2000. Za mu dawo kanta.

Kafin nan, akwai wasu kuɗi da suka fi duk waɗannan nauyi, kuma ba tallafi ba ne. Wanda bai fahimce su ba zai yi ta mamakin yadda ake zuba tallafi amma albashi ba ya cika.

Ɗauki ɗan kasuwa a Nablus da ya sayo kwantenar tayil daga Turkiyya. Falasɗinawa ba su da tashar jirgin ruwa, don haka kayan za su sauka a Ashdod ko Haifa. Kwastam ɗin Isra'ila ne za su karɓi kuɗin fito da harajin kaya. Bisa yarjejeniyar tattalin arziki da aka sa wa hannu a Faris a Afrilun 1994, Isra'ila za ta tara waɗannan kuɗi, ta cire kashi 3 cikin ɗari na ladan aiki, ta miƙa sauran ga Ramallah kowane wata. Kafin yaƙin 2023 sukan kai wajen dala miliyan 200 a wata, kusan kashi biyu bisa uku na duk kuɗin shigar Hukumar Falasɗinawa. Ka ga ke nan tulun naka ne, amma a ɗakin maƙwabci yake ajiye.

Kafin kuɗin su iso ana yanke kuɗin wuta da na ruwa da ake bin garuruwan Falasɗinawa. Tun Fabrairun 2019 ana ƙara yanke daidai abin da Isra'ila ta ƙiyasta Ramallah na biyan fursunoni da iyalan waɗanda aka kashe. Bayan Oktoban 2023 aka riƙe kason da ake kashewa a Gaza. Akwai kuma yoyon da ba a gani: idan ɗan kasuwan nan na Nablus ya gaji da jeka-ka-dawo ya sayi tayil ɗin daga hannun dillalin Isra'ila da ya riga ya shigo da su, kuɗin fiton ya zauna a baitulmalin Isra'ila ke nan. A 2016 Bankin Duniya ya ƙiyasta irin wannan asara da makamantanta a dala miliyan 285 duk shekara. Tun ƙarshen 2021 ma'aikatan gwamnatin Falasɗinu ke karɓar albashi gutsure-gutsure. Tarayyar Turai ta sanar a Afrilun 2025 da shirin da zai kai yuro biliyan 1.6 na shekara uku, kimanin miliyan 620 daga ciki na kasafi ne. Raba wannan miliyan 620 gida 36, wato watannin shekara uku, ka kwatanta da miliyan 200 na wata guda, za ka ga tallafi ba zai taɓa cike gurbin harajin da aka riƙe ba.

Yanzu ga ayyuka. Dubi wannan taswirar ta Gaɓar Yamma. Yarjejeniyar 1995 ta raba ta kashi uku. Yankin A, kimanin kashi 18 cikin ɗari, manyan birane ne a hannun Falasɗinawa. Yankin B, kashi 22, mulkin farar hula nasu, tsaro na haɗin gwiwa. Yankin C, wajen kashi 60, yana hannun Isra'ila ɗungurungum, kuma a nan ne filayen noma da kiwo da ma'adinan dutse da yawancin Kwarin Jodan suke. Yankunan A da B tsibirai ne a cikinsa, don haka da wuya a ja bututu ko wayar lantarki daga gari zuwa gari ba a ratsa C ba.

A ce wata ƙasa ta ba da kuɗin rijiyar burtsatse. Da farko sai kwamitin ruwa na haɗin gwiwa ya amince, kuma kowane ɓangare na iya hawa kujerar na-ƙi. Daga 2010 zuwa farkon 2017 kwamitin kusan bai zauna ba. Idan ya amince kuma wurin na Yankin C ne, sai an nemi izinin gini daga hukumar sojan Isra'ila mai kula da farar hula, wadda ƙalilan ne ƙwarai daga takardun Falasɗinawa take amincewa da su. Sannan famfo da bututu su bi layin kwastam. Mai bayar da tallafi kuwa kasafinsa na shekara biyu ne ko uku. Idan wa'adi ya cika ba a kashe ba, kuɗin su koma gida. Shi ya sa da yawa ke kauce wa babban aiki su koma tankin roba da tanti da allon sola, waɗanda su ma ana rushe su ko a kwashe da hujjar rashin izini. Rahoton Bankin Duniya na 2013 ya ce takurawar Yankin C na jawo wa Falasɗinawa asarar dala biliyan 3.4 a shekara.

A Gaza matsalar ta kaya ce. Tun 2007 Isra'ila ke riƙe da jerin kayan da ta ce ana iya juya su zuwa aikin soja, ciki har da siminti da rodi da bututun ƙarfe da wasu sinadarai. Bayan yaƙin 2014 aka ƙirƙiro tsarin shigar da su tsakanin Majalisar Ɗinkin Duniya da Ramallah da Isra'ila. Mai gidan da ya rushe, injiniya zai zo ya auna ɓarnar ya rubuta buhu nawa yake buƙata. Sunansa ya shiga rumbun bayanai, ya jira amincewar Isra'ila. In ta fito, ya tafi wurin dillalin da aka tantance, wanda sitonsa ke da katanga da kyamara da masu sa ido. Abin da masu tsarin ba su lissafa da kyau ba shi ne, izinin siminti kan fito kafin kuɗin gini su iso. Mutum na da takardar buhu 50, ba shi da kuɗin birkila, ga yara na jin yunwa. Wasu suka riƙa sayar da rabonsu a bayan fage, masu sa ido suka gani, aka riƙa dakatar da shigo da kayan.

Matatar ruwan ƙazanta ta arewacin Gaza ta nuna yadda jinkiri ke kisa. An fara aikin a 2004 a matsayin na gaggawa, domin tafkunan ƙazantar Beit Lahiya sun cika sun batse. A Maris 2007 ɗaya ya ɓalle ya afka wa ƙauyen Ummun Nasr, mutum biyar suka rasu. Matatar ba ta fara aiki ba sai 2018, shekara 14 ke nan. Da aka gama kuma sai ga matsalar wuta. Kafin yaƙin 2023, Gaza na buƙatar megawat 400 zuwa 500, abin da take samu bai fi 200 ba, 120 daga layukan Isra'ila, sauran daga tasharta ɗaya tilo mai shan dizel. Haka matatar ruwan teku ta Deir al-Balah, da Turai da UNICEF suka buɗe a Janairun 2017 don tace lita miliyan 6 a rana, a yankin da fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya shayuwa. Ranar da babu wuta ko dizel, injin tsayawa yake. Masu tallafi sun fi son biyan kuɗin gini, wanda ake yanka kyallen buɗewa a ɗauki hoto. Kuɗin mai da kayan gyara da albashin injiniya na shekara 20 kuwa, kowa sai ya kau da kai.

A Fabrairun 2025, Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Turai suka ƙiyasta sake gina abin da yaƙin ya lalata zai ci sama da dala biliyan 53 cikin shekara goma. Kafin a aza tubali ɗaya sai an kwashe ɓaraguzai fiye da tan miliyan 50, a cikinsu akwai bama-baman da ba su tashi ba da gawarwakin da ba a tono ba. Kwashewar na buƙatar katafila da injin niƙa dutse da manyan motoci da dizel, kuma kowannensu sai an ba shi izinin wucewa ta mashigar Karam Abu Salim, inda ake sauke kaya daga motar wancan ɓangare, a bincika, a sake loda wa motar wannan ɓangare. Kafin Oktoban 2023, a ranar aiki, motoci kimanin 500 ne ke shiga Gaza ta duk mashigunta a haɗe.