Wa ke da tsakiyar teku?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau teku za mu shiga, kuma na san wani zai ce mu da muke Kano ko Maraɗi ina ruwanmu da teku, to ɗan dakata tukuna. Ruwan daminar nan da muke ɗaga kai muna jira duk shekara, daga Tekun Atlantika iska take ɗebo danshinsa ta koro shi arewa, har ma farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980 masana sun danganta shi da sauyin ɗumin ruwan teku. Kifin titus ɗin nan mai ƙanƙara da ake fasa kwalinsa a kasuwa kuma daga can arewacin Atlantika yake zuwa, wajen su Nowe.

To wa ke da tekun? A 1982 ƙasashe suka sa hannu kan dokar teku a Montego Bay ta ƙasar Jamaika, ta fara aiki a 1994. Dokar ta ce duk ƙasar da ke bakin ruwa ita ke da iko da kifi da man da ke cikin mil 200 na ma'aunin teku daga gaɓarta, wajen kilomita 370 kenan. Da ka wuce nan fa shikenan, ka shiga ruwan da ba na kowa ba, kuma ba ɗan kaɗan bane, kusan kashi biyu cikin uku na duka tekun duniya ne, amma abin da aka ba kariya a ciki bai wuce wajen kashi 1 cikin 100 ba. Mai babban jirgi shi ke kwasa.

Ga kuma zafi. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙinmu ya jawo teku ce ta shanye, ta kuma haɗiye wajen kwata na iskar kabon da muke fitarwa, shi yasa ruwan ke ƙara ɗumi yana ƙara tsami. Murjani, dangin wanda iyayenmu mata ke tsakiya da shi, halitta ce mai rai fa, in ruwa ya yi zafi sai ya koɗe ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu, kifayen da ke fakewa a jikinsa su watse. A Sanagal ƙaramin kifin nan da suke kira yaboy, abincin talaka, yana ta matsawa arewa wajen Muritaniya da Maroko, masunta na bin sa da kwale-kwale suna faɗawa ruwan wata ƙasa.

An kusa shekara 20 ana ja-in-ja a Majalisar Ɗinkin Duniya kan sabuwar yarjejeniyar kare wannan tsakiyar tekun da ba ta kowa ba kafin a daidaita a ranar 4 ga Maris 2023 a birnin New York, cikin dare, wakilai sun kwana a zauren ba barci, sai shugabar zaman, Rena Lee 'yar Singafo, ta ce jirgi ya iso gaɓa. Ƙasar Palau, 'yar mitsitsiyar ƙasa mai tsibirai, ita ta fara amincewa a hukumance. Ana buƙatar ƙasashe 60, aka cike a Satumba 2025 da shigowar Maroko da Saliyo, yarjejeniyar ta fara aiki 17 ga Janairu 2026.

Yanzu ana iya keɓe wani yanki a tsakiyar teku a ce nan a sarara masa, kuma wanda zai yi babban aiki a can sai ya fara auna ɓarnar da zai iya yi. Amma ni inda ya fi taɓa ni shine maganar ƙwayoyin halitta. Akwai halittu can ƙasa inda rana ba ta kaiwa da ake haɗa magunguna da sinadarai daga jikinsu, kuɗi ne masu yawa, kuma wani bincike na 2018 ya gano kamfani ɗaya tak na Jamus, BASF, shi ke riƙe da kashi 47 cikin 100 na rajistar mallakar ƙwayoyin halittun teku gaba ɗaya. Ƙasashen Afirka suka kafe a kan cewa in dai ruwan na kowa ne to ribar ma a raba, kuma hakan ya shiga yarjejeniyar. Wallahi wannan tsayuwar ta burge ni.

Sai dai akwai sauran aiki, babba ma. Amurka ta sa hannu amma majalisarta ba ta amince ba, ita ko dokar 1982 ɗin ma ba ta shiga ba har yau. Haƙar ma'adinai a ƙasan teku yana hannun wata hukuma daban da ke Kingston, babban birnin Jamaika, kamun kifi kuma hukumomin yankuna ne ke ci gaba da riƙe shi. Abin da ya ɗan taimaka shine yarjejeniyar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, ƙarƙashin shugabarta Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ta fara aiki a Satumba 2025, ta hana gwamnatoci ba jiragen da ke satar kifi tallafi.

A bidiyo na gaba za mu je gaɓar Muritaniya da Gambiya mu ga masana'antun da ke niƙe yaboy ɗin nan su mai da shi garin abincin kifin gona da dabbobi a fita da shi waje. Sai mun haɗu.