Sharhi: Hazon Damagaram, daga idon sama zuwa ma'aunin ƙasa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, na birni da na karkara, barkanku da war haka.

Duk wanda ya yi sammako a ƴan kwanakin nan ya ga abin da na gani. Ka tsaya bakin Kasuwar Dole ka ɗaga kai, rana ta koma kamar sabon faifai, kana kallonta ido da ido ba ta kashe maka gani. Duwatsun Birni sun ɓuya. Ƴan kabu-kabu sun ja amawali har zuwa ido, a sahun asuba kuma tari ke amsa tari. Mukan ce ai hunturu ne, zai wuce. To amma zafi idan ya tsananta muna da adadinsa, a ce yau digiri 42. Ruwan sama idan ya sauka a ce milimita kaza aka samu a Mirriya, kaza a Magariya. Hazo kuwa, wanda ke shiga ƙirjin kowa tun daga Nuwamba har Maris, iyakar abin da muke cewa shi ne "yau ya yi yawa".

Mafi yawan wannan ƙura baƙuwa ce. Akwai wani kwari a arewacin ƙasar Cadi da ake kira Bodele, tsohon gindin Tafkin Cadi ne tun zamanin da tafkin yake kamar teku. Ruwa ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin nan, kuma masana sun ce babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Wata takan haye teku har dajin Amazon. Mu muna kan hanya, kuma a kusa.

Ƙurar da ke zuba a kan tabarma da murfin kwano, hanci da maƙogwaro kan tare mafi yawanta. Wadda ta fi damun likitoci ita ce ƙanƙanuwar, wadda suke kira PM2.5. Sai ka jera kusan 30 irinta kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ita ce ke zarcewa can cikin huhu, wata ma har cikin jini. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar da take ganin ta dace: maikirogiram 5 (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a cikin iska mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, idan aka ɗauki matsakaicin shekara, da 15 a matsakaicin yini. Hukumar ta kuma ce gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, na sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 7 kowace shekara.

Na'urar da ke auna wannan ƙura daidai gwargwado tana da tsada, tana son wutar da ba ta yankewa da ma'aikacin da zai riƙa kula da ita. Shi ya sa masana suka ɗaga kai sama. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Terra a 1999, ta bi shi da Aqua a 2002. An ɗora su a nisan kimanin kilomita 700, aka tsara ɗaya ya riƙa ratsa kanmu da hantsi, ɗayan wajen azahar. Turawan Turai su ma sun harba Sentinel-5P a 2017, mai gano hayaƙin motoci da na masana'antu. Bayanan duka ukun kyauta ne, ɗalibi a Jami'ar André Salifou zai iya sauke su ta intanet ba tare da ya biya ko dala ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Tauraro yana auna yadda ƙura ta dushe hasken rana ne, tun daga ƙololuwar sama har ƙasa, a dunƙule. Kamar ka leƙa rijiya ka ga ruwa ya gurɓace: daga bakin rijiyar ba za ka iya cewa lakar tana sama-sama ko tana can ƙasa ba. Wata rana ƙurar na tafe a kilomita uku bisa kanmu, numfashinmu lafiya lau. Wata rana kuma, musamman da sanyi, ta kwanto ƙasa daidai hancin yaro mai tafiya makaranta. Ga gajimare da kan rufe wa tauraron ido, ga farin rairayinmu mai ƙyalli da kan rikita shi. Da dare kuwa irin wannan awo ba ya yiwuwa.

A nan ne koyon na'ura, wato koya wa kwamfuta ta hanyar nuna mata misalai da yawa, ya shigo, kuma mutanen kasuwa za su fi kowa saurin gane shi. Yaron mai awon hatsi, ranar farko idan ka nuna masa buhu ka ce tiya nawa ce a ciki, sai ya yi ta lalube. Amma kullum ya faɗa, maigidansa ya zazzage ya auna a gabansa, ya ga inda ya kuskure. Bayan buhu dubu, kallo ɗaya zai yi ya faɗa maka, da wuya ya zarce da rabin tiya. Haka ake yi wa kwamfuta. A ba ta abin da tauraro ya gani a rana kaza, a haɗa mata da ƙarfin iska, da zafi, da laima, da tsayin da iskar ƙasa ke kaiwa tana gaurayuwa, sannan a nuna mata abin da ma'aunin ƙasa ya rubuta a wannan rana a wannan wuri. A maimaita sau dubbai. Daga nan sai ta iya kintatar ƙurar Tanut ko ta Gure, inda babu ma'auni.

Ku lura da kyau, duk ƙwarewar yaron nan daga tiyar maigidansa ta fito. Idan a kan gero ya koya, ka kawo masa buhun gyaɗa mai ɓawo, zai faɗi adadi da ƙarfin zuciya, kuma zai yi kuskure. Ma'aunan ƙasa sun fi yawa a Turai da Amurka da Sin da Indiya, inda hayaƙin gawayin masana'anta da na motoci ya fi rinjaye. Kwamfutar da ta yi karatu a can, idan aka tambaye ta iskar Damagaram ba za ta yi shiru ba. Za ta zana taswira mai launuka masu kyau, ta sa mana lamba. Wannan lambar ce nake tsoro, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a tambaye shi ba.

Ba daga fanko za mu fara ba. A Banizumbu, gabas da Yamai, an fara auna ƙurar ƙasa tun 2006. A filin jirgin samanmu an taɓa kafa na'urar AERONET mai kallon rana, wadda ake gwada gaskiyar taurari da ita, ko da yake ita ma iskar sama da ta ƙasa take haɗawa. Ma'aikatan hasashen yanayi na filin kuma sun shekara da shekaru suna rubuta nisan da ido ke iya hangowa, rubutun da a wurina dukiya ne, don ranar hazo a cikinsa take. A Yuganda, Jami'ar Makerere ta ƙera ƙananan ma'aunai masu araha a ƙarƙashin shirin AirQo, tana gyara kuskurensu da wannan dabara ta koyon na'ura. Abin da Kampala ta iya, ban ga dalilin da zai gagari Damagaram ba.

Wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi da ƙarancin ruwa, wa ke ta ƙura? A 2018 masana daga Jami'ar Stanford sun haɗa bayanan taurari da tarihin haihuwa kusan miliyan ɗaya a ƙasashen Afirka 30. Sun gano cewa duk ƙarin maikirogiram 10 na wannan ƙanƙanuwar ƙura yana tafe da ƙarin mutuwar jarirai da kashi 9 cikin 100. Ga kuma sanƙarau. Daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, an ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jiharmu, 18 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ƙwayar cuta ce ke kawo sanƙarau, amma busasshiyar iska da ƙura kan kakkarce maƙogwaro su buɗe mata ƙofa, shi ya sa lokacinsu ke zuwa tare.

Akwai kuma wurin da babu tauraron da zai leƙa: madafa. Iyayenmu mata da ke tsugune gaban murhu, itace ɗanye na hayaƙi, goyo a baya, suna shaƙar abin da sau da yawa ya fi na titi muni. Duk taswirar da aka zana daga sama ta bar su a waje, kuma wanda zai karanta ta ya kamata ya san haka.

Roƙona ga hukumomin jiha da na birni, da malaman jami'a, da ma'aikatar hasashen yanayi, bai fi ƙarfinmu ba. A samu ma'auni ɗaya na ƙwarai, a kafa shi inda za a kula da shi. A kewaye shi da ƙanana masu aiki da hasken rana, a Zango, a Sabon Gari, a tashar mota, a harabar wata makaranta, sannan a Matamai da Dungas. A damƙa wa ɗalibanmu bayanan su koya wa kwamfuta iskar garinsu. Abin da ya fito kuma kada ya tsaya a rahoton Faransanci. A kawo mana shi nan da Hausa da Barbarci da Fulatanci, mu karanta shi da safe tare da farashin kasuwa, yadda mai ciwon asma a Garin Malam zai san yau ranar takunkumi ce, malamin makaranta ya san yau ba a fitar da yara fili, mai jego ta rufe taga kafin ƙurar ta iso.

Wassalamu alaikum.