Kuben M6 na 1943: hatimi ne ya riga tsufa, ko tsufa ne ya riga hatimi?

Ga kube guda biyu na wuƙar sojan Amurka. Dukansu fata ce mai duhu, dukansu an buga musu US M6 da shekarar 1943, kuma dukansu an saka su a gwanjon intanet da sunan kayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗaya ne kawai ya ga yaƙin. Tambayar da ta fi yawa a 'yan kwanakin nan ita ce, to ba ga hatimi nan ba? Shi ne fa inda ake cin kuɗin mutane.

Tarihin a gurguje. A 1943 sojojin Amurka suka fara amfani da wuƙar M3, wadda kamfanoni irin su Camillus da Imperial da Case suka ƙera. Kubenta na farko shi ne wannan M6 na fata, da jerin ƙananan ƙarafa a baki, da farantin ƙarfe a gindi don kada tsinin wuƙa ya huda ya soki mai ita, musamman 'yan laima, wato sojojin da ke dirowa daga jirgin sama. Bai daɗe ba aka maye gurbinsa da M8 mai tauri, domin fata ba ta jure ruwa da laka. An ƙera wuƙar wajen miliyan biyu da rabi, amma kuben fata kaɗan ne suka tsira. Shi ya sa wani lokaci kuben yake fin wuƙar tsada. Inda kuwa kuɗi ya taru, 'yan jabu ba sa nisa.

A yi adalci: yawancin masu ɗinka sabbin kuben M6 na kwaikwayo ba 'yan damfara ba ne. Don masu shirya fim da masu kwaikwayon yaƙi suke yi, kuma suna faɗa. Hannu na biyu ne yake saye da araha, ya goga man takalmi, ya bi da takardar yashi, ya jiƙa ƙarfen ya yi tsatsa, sannan ya zura wuƙa ta ainihi a ciki ya ɗauki hoto. Wuƙar ta gaskiya ce, ita ce take yi wa kuben shaidar zur.

Yanzu mu matso kan hatimin, a nan za mu daɗe.

Buga haruffa a fata ba wani aiki ba ne, kowane baduku zai iya. Sunayen masu yin na asali, Milsco, Barwood, L&C, Moose, Viner Bros, duk an kwaikwaye su. Don haka kada ka tsaya karanta abin da aka rubuta. Duba yadda rubutun ya zauna a jikin fatar.

A na asali, an buga hatimin tun fatar tana sabuwa, sannan shekara tamanin suka bi ta kansa. Ga wata tsaga a jikin fatar. Ta taso daga gefe, ta shiga cikin harafin M, ta fita ta ɗaya ɓangaren ba ta ko karkace ba. Gefen haruffan ya lafa, ya yi laushi. Launin da ke cikin ramin harafi da na wajensa 'yan gida ɗaya ne, sai dai na ciki ya ɗan fi duhu saboda dauɗar da ta kwanta.

Ga na biyun. Nan tsohuwar fata aka samu aka buga mata sabon hatimi. Tsagar ta zo bakin harafi ta mutu, domin ƙarfen hatimin ya danne ta. Bakin harafin yana da kaifi, kuma in ka ƙura ido za ka ga fata mai haske tana leƙowa daga ciki. Akwai kuma akasin haka, sabon kube da aka tsufar da shi da gangan: ko'ina ya goge daidai wa daida, har wuraren da hannu ba ya taɓa kaiwa. Soja ba ya goge kubensa haka. Inda ya ci wuya shi ne baki, inda wuƙa take shiga da fita, da madaurin da ke riƙe ƙota, da bayan da ke gugar ƙugu. Ɗaga madaurin nan. A na asali, fatar da ke ƙarƙashinsa ta fi haske, don rana ba ta same ta ba. A na jabu, sau da yawa man takalmin ya riga ka isa can.

Tsatsa ma haka take. Ƙarfen da ya shekara tamanin a jikin fata yana barin baƙin tabo kewaye da shi, tabon ya nutse ciki. Tsatsar mako biyu ja ce jawur, a kan ƙarfen kawai take, fatar da ke gefe fes.

Matsalar ita ce duk wannan ba ya fitowa a hoton da aka ɗauka daga sama da hasken ɗaki. Ni a ganina, wanda ya sayi M6 da hoto uku cinikin biri a sama ya yi. Rubuta wa mai sayarwa, ka ce ya kashe fitila, ya haska tocila daga gefe a kan hatimin, ya ɗauko cikin baki da bayan ƙarafan. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan. In ya amsa da cewa shi ba masani ba ne, a kayan wani tsoho ya tsinta, amma farashin da ya sa na masana ne, to, kun dai ji.

Sauran a taƙaice. Zare: fitilar nan da ake duba takardar kuɗi, in ka haska ɗinkin ya yi walƙiya, akwai alamar zaren zamani. Rashin walƙiya kuma ba wanke shi ya yi ba. Wari: sabuwar jima ba ta ɓuya, amma sai kaya ya iso hannu, don haka karanta sharaɗin mayar da kaya kafin ka taya. Wasu kwaikwayon kuma sun shekara da yawa har sun tsufa da kansu, a nan sai ka jera siffar haruffan da tazararsu kusa da hoton wanda aka tabbatar na kamfanin ne.

M8 kuwa ruɗaninsa daban ne. Na lokacin yaƙi yana ɗauke da B.M. Co. a ƙarfen baki, wato kamfanin Beckwith da ya ƙera shi. Wanda aka ƙara wa ƙugiyar ratayawa shi ne M8A1. In ka ga hular ƙarfe a tsininsa, ko haruffan PWH (alamar wani maƙerin daban), ko da kayan soja ne na gaske, bayan yaƙin aka yi shi, kada a karɓi kuɗin 1944 a hannunka.