Fedar da take riƙe takalmi: wacce ce ke jure wahala?

To jama'a barkanmu da warhaka, yau maganar fedar keken hawa duwatsu za mu yi, irin wadda kake ɗaura ɗan ƙarfe a ƙasan takalminka da noti biyu, ka taka ka ji ƙas ta kama, in za ka cire kuma sai ka murɗa dunduniya waje.

Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da irinta a 1984 don keken tsere na kan titi, amma ta daji da laka, Shimano na Japan ne ya buɗe hanya a 1990 da fedar da ake kira SPD. Wadda ke hannuna Shimano M520 ce, kusan ita ce mafi arha a gidansu, tana da ɗan nauyi kam, sai dai wallahi ba ta jin kira, cikinta ƙananan ƙwallayen boris ne a kwance cikin giris, in ta fara girgiɗi ka kwance sandar tsakiyar ka wanke ka cika giris ka ɗaure, shi ke nan ta koma aiki. Ga ɗan noti ma a gefe na ƙara wa sifirin ƙarfi ko sassauta shi. Matsalarta ɗaya ce, taɓo mai danƙo yana toshe ta.

Wannan toshewar ce ta sa Crankbrothers na Amurka suka zo da Eggbeater a 2001, babu komai a jikinta sai sanda da fukafukai, ta gefe huɗu za ka iya shiga, laka kuma zubewa take yi ta tsakiya. Amma fa na farkon sun yi ƙaurin suna wajen saurin cin boris, shi ya sa daga baya suka sake abin da ke ciki suka ƙara robar da ke hana ruwa shiga, kuma suna sayar da kayan gyaranta daban. Wani abin da mutane ke ƙorafi a kai, ƙarfen takalminsu na tagulla ne, yana cinyewa da wuri musamman in kana yawan sauka kana tura keke a kan dutse. Ni dai ban ga laifin wannan ba, da gangan aka yi shi da laushi don shi ya cinye a bar fedar, ai gara ka canja ɗan ƙarfe da ka sayi sabuwar feda. Fedar ATAC ta kamfanin Time ma haka take, ƙarfen takalminta na tagulla ne.

To sababbin fa? Da yawansu yanzu an yi musu faffaɗan gida kewaye da makamar, kamar Mallet ta Crankbrothers ko Union ta kamfanin Hope na Ingila, har da 'yan ƙusoshi masu riƙe tafin takalmi ko ba ka shiga ba. Yana da daɗi a gangara, amma faɗin nan shi ke fara cin karo da dutse, kuma duk dukan da ya sha sandar tsakiya da boris ne ke karɓa. Sannan ana ta rage musu kauri, to in feda ta yi siriri dole boris ɗin ya ƙanƙance ko a sa bush na roba, wato zoben da fedar ke juyawa a kansa, a madadinsa, bush kuwa in ƙura ta shiga cinyewa yake yi. Masu sandar titaniyam kuma a duba nauyin mahayi tukuna, Eggbeater 11 iyakarta kilo 90 ne.

Gwajin da za ka yi a gida ba wuya, kama fedar ka jijjiga ta gefe da gefe, in ka ji tana motsi a kan sandar to lokacin giris ko sabon bush ya yi, kar ka jira sai ta fara ƙara. Kar kuma ka riƙa harba mata ruwan injin wankin mota kai tsaye, yana kore giris. In za ka kwance fedar hagu daga jikin keke ka tuna zarenta a juye yake, ɓangaren dama ake murɗawa ta fita.